Kurakuran da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam ke maimaitawa wajen koyon tausayawa

Duk zangon karatu fuskoki ne kawai ke sauyawa, kurakuran suna nan inda na bar su. Ɗalibi zai faɗa maka sunan Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, da shekarar 1957 ba tare da ya buɗe littafi ba. Zai gaya maka cewa Rogers ya ce mai ba da shawara ya ji halin da mutum ke ciki kamar shi ne a ciki, amma kada ya manta cewa ba shi ba ne. Jarabawa kam ya ci. To ka zaunar da shi gaban mai kuka, minti biyu sun isa ka gane ba a taɓa horar da bakinsa ba.

Babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne saurin ban haƙuri. Mutum bai rufe baki ba, ɗalibi ya tare shi da "yi haƙuri", ya ɗora da "ƙaddara ce", ya rufe da "haƙuri maganin zaman duniya". Babu ƙarya a cikin ko ɗaya, da su aka raine mu, kuma a zaman makoki su ne daidai. Amma wanda ya tako har gabanka ya riga ya ji su daga limami, daga maƙwabta, daga dangin miji. Da sun wadatar da shi da bai zo ba.

Akwai wata dattijuwa da rikicin 'yan bindiga ya koro daga gabashin jihar nan ta Sakkwato, tana zaune wurin dangi a cikin gari. Da ƙyar na samu matan gidan suka yarda su riƙa zama da ɗalibaina. Ta ce da yaron da na haɗa ta da shi an tafi da ɗanta daga gona, ba ta iya barci, sannan ta rage murya ta ce ita ce ta tashe shi da asuba ta ce ya je. Nan maganar take, a wannan jimlar ta ƙarshe. Yaron nan, mai hankali da ladabi, sai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, kowa da irin jarabawarsa." Ta ce, "Awo, haka ne ɗana." Ta gyara hijabinta, ta tambaye shi mutanen gida, ta tashi. Ba ta dawo ba, sauran matan ma suka janye, aikin watanni ya bi ruwa. Shi kuwa ya rubuta a rahotonsa cewa zaman ya yi kyau domin ta samu natsuwa. Natsuwar me? Rufe mata baki ka yi, ita kuma ta yi maka kara.

Tun daga nan, a lokacin atisaye na haramta waɗannan kalmomi a ajina. Wani zai karanta maganar dattijuwar, mai sauraro ya amsa da jimla ɗaya tak wadda ta taɓo abin da ke ƙarƙashin zancen, misali: "Inna, kamar abin da ya fi ci miki rai shi ne ke kika aike shi." Sai ya yi shiru. In ya zarce da nasiha, a tsayar da shi, a sake daga farko. Addu'a da ban haƙuri suna da wurinsu, a ƙarshen zama, bayan mutum ya tabbata an ji shi. Wasu abokan aikina suna ganin na tsananta. Su dai je.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa yawan zama da mutane shi ke kawo ƙwarewa. "Malam, idan mun fara aiki za mu goge." Wa ya faɗa muku? A 2016 Simon Goldberg da abokan bincikensa a Amurka sun bi diddigin masu ba da shawara 170 da mutum sama da 6,000 da suka gani, suka tarar a dunƙule sakamakon aikinsu bai ƙaru da shekaru ba, ya ma ɗan ja baya. Anders Ericsson, wanda ya yi nazari kan masu koyon goge irin na Turawa a birnin Balin na Jamus a 1993, bai ce tara sa'o'i kawai ke sa mutum ya zama gwani ba, duk da cewa zancen wai atisayen sa'o'i 10,000 ke kawo gwaninta ne mutane suka riƙe. Abin da ya nuna shi ne atisaye mai manufa: a ware abu ɗaya da ba ka iya ba, ka maimaita shi, gwani yana gyara maka nan take. Mu da muka yi makarantar allo bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Malam ba ya barin ka wanke allo don ka daɗe a zaune, sai ka biya ayar ya ji bakinka ya daidaita.

Amma me nake gani? Ɗalibai biyu su zauna gindin dogonyaro su yi wasan kwaikwayo na rabin sa'a, ɗaya mai matsala ɗaya mai shawara, su tashi suna yaba wa juna: "Kai, ka yi ƙoƙari wallahi." Wannan hira ce. Ku zama uku, na ukun yana riƙe da biro. Maganar da za a amsa kada ta wuce rabin minti. Mai lura ba "ya yi kyau" zai ce ba, zai ce ka ambaci baƙin ciki alhali fushi take yi, ko ka yi tambaya a inda ya kamata ka mayar mata da abin da ta faɗa. Ka sake amsa wannan maganar dai har sai ta zauna. Minti goma sha biyar kullum sun fi mini sa'a uku ranar Asabar, balle a zafin Afrilu na Sakkwato da wuta a ɗauke, wanda bayan azahar ba mai sauraron kowa. Kuma idan atisayen bai sa ka ɗan ji kunya ko gumi ba, ya yi maka sauƙi, a ƙara masa nauyi: mai wasan ya yi fushi, ko ya ce maka, "Kai yaro ne, me ka sani?"

Ku ɗauki muryarku a waya ku saurara. Ba daɗi, na sani. A nan ne za ka ji sau nawa ka katse mutum. Muryar abokan atisaye nake nufi. Wanda ya zo da damuwarsa ta gaske ba a ɗaukarsa sai da izininsa da na mai kula da aikinka, kuma duk wanda ya tura irin wannan a zauren WhatsApp na aji ya gama da ni.

Sauran ƙanana ne. Littafi ya ce ka kalli mutum ido cikin ido, sai saurayi ya ƙura wa matar aure ko sa'ar mahaifiyarsa ido. Sunkuyar da kai kaɗan, kunnenka ya yi aikin. Kada ka yanke gaisuwa don ka shiga batu, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kake ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a gaisuwar ake auna ka. "Na san yadda kike ji" ka bar ta, ba ka sani ba. "Ni ma haka ta taɓa faruwa da ni" ka ajiye ta sai ka koma ɗaki. Kada ku yi atisaye da Turanci alhali da Hausa za ku yi aikin, domin jimlar da ta yi santsi a littafi takan zama gatse in an juya ta a gaban tsoho. Macen da ta ce "maigidan" ko "shi", kada ka matsa mata ta kama suna. Idan kuma mutum ya yi shiru, ƙirga zuwa goma a zuci kafin ka buɗe baki. Yawancinku a uku kuke karaya.