Yadda ake duba kayan girki na lantarki na hannu

Jama'a na ta tambaya a kan firji, hita da butar lantarki 'yan Beljiyam da ake saye a Babbar Kasuwar Sakkwato. Ga yadda ake yi, tun kafin a biya kuɗi.

1. Juya bayan kayan ka karanta ƙarfin wutar da aka rubuta. Tamu 220 zuwa 240 ce. In ka ga 110 ko 120, na Amurka ne, kana jona shi zai ƙone.

2. Bi wayar da yatsa tun daga fulogi har inda ta shiga. Hattara: nan ake naɗe cizon ɓera da baƙin salatif. Waya mai faci, a canza ta gaba ɗaya ko ka haƙura.

3. Duba fulogin. Baƙi-baƙi ko roba da ta narke alamar ya taɓa ɗaukar zafi ne.

4. Shinshina. Ƙauri ba ya ɓuya.

5. Sa mai kayan ya kunna a gabanka, kamar minti 15. Kar ka yarda da "Alhaji, yanzu na gwada shi".

6. Ɗora testa, wato sukudireban gwada wuta, a jikin ƙarfen kayan. Kar ka gwada da hannu, balle jiƙaƙƙe. In ta kawo haske, a kira mai gyaran wuta tukuna.

7. Kashe, ka zare fulogin ka taɓa. Ɗumi ba komai. In yana ƙona yatsa, bar shi.

8. A gida, bar firji a tsaye awa 4 kafin ka kunna, ka ɗan janye shi daga bango. Zafin Afrilu a garin nan ba ya raga wa inji.

9. Hita da buta, kowanne a jona shi a soket ɗin bango shi kaɗai.