Yadda Za Ka Nemo Kuɗinka da Ke Hannun Jiha a Amurka

A Amurka, asusun bankin da aka daɗe ba a taɓa ba, yawanci shekara 3 zuwa 5, doka ta ce a miƙa kuɗin ga jiha ta ajiye wa mai su.

1. Shiga shafin MissingMoney.com ka rubuta sunanka. Gwada Muhammad, gwada Mohammed, don sunayenmu kan sha bamban a takardu. Nan da yawa ke yin asara.
2. Bincika duk jihar da ka taɓa zama. A New York, ofishin Kwanturolan jiha, wato babban mai kula da kuɗin jihar, ke riƙe da kuɗin.
3. In ka ga sunanka, cike fom ɗin neman kuɗin, ka haɗa da katin shaidarka da wata takarda mai ɗauke da tsohon adireshinka, ko da ta kuɗin wuta ce.
4. Kada ka biya kowa ko sisi, nema kyauta ne.

In kuɗin mamaci ne, magada su haɗa da takardar shaidar rasuwa.