Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaga ƙwallon golf a filin yashi

Wanda ya taɓa buga golf a Yamai ya san cewa ƙwallo ba ta cika tsayawa a kan ciyawa mai laushi ba. Sau da yawa tana ƙarewa ne a gindin aduwa, ko cikin sawun shanu, ko bakin ramin da wata dabba ta tona. A irin waɗannan wurare ne gardama ke tashi tsakanin abokan wasa, kuma yawancinta daga abu ɗaya take fitowa: rashin bambance inda doka ta yarda a ɗaga ƙwallo kyauta da inda sai an biya tara.

Dokokin wasan hukumomi biyu ne suke tsara su tare, wato R&A da ke St Andrews a Sikotilan da USGA ta Amurka, kuma sun yi musu babban gyara da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019. Har yanzu akwai dattawan ƴan wasa da idan sun ɗaga ƙwallo za su mayar da ita wasa suke sakinta ƙasa daga tsayin kafaɗa, alhali tun lokacin aka mayar da shi tsayin gwiwa. Gyaran wannan mai sauƙi ne, domin idan mutum ya lura kafin ya buga, sai ya sake sakinta daidai ba tare da tara ba. Idan kuwa ya riga ya buga, ya jawo wa kansa tarar bugu ɗaya, wato a ƙara bugu ɗaya a kan yawan bugun da ya yi. Lokacin neman ƙwallon da ta ɓata shi ma ya ragu daga minti 5 zuwa minti 3.

Ƙaya ce ta fi ruɗa mutane. Na sha ganin ɗan wasa ya durƙusa a ƙarƙashin bagaruwa, ya sa hannu ya karya reshen da ke tare masa sanda, yana ganin bai taɓa ƙwallo ba, don haka bai yi laifi ba. Doka ta 8 ta hana karya ko lanƙwasa duk wani abu mai tsiro domin a gyara wurin bugu, kuma tararsa bugu biyu ce. Ƙaya komai kaifinta ba ta ba da damar ɗagawa kyauta. Abin da ya kamata shi ne ya bi doka ta 19, ya ce ƙwallon ba ta buguwa, ya karɓi tarar bugu ɗaya, sannan ya zaɓi ɗaya cikin uku: ya koma inda ya yi bugun baya, ko ya ja da baya a kan layin da ya taso daga ramin da ake son zura ƙwallo ya ratsa ta inda ƙwallon take, ko ya sake ta cikin tsawon sanda biyu daga wurin ba tare da ya matso kusa da rami ba. A ganina zaɓi na biyu ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi amfani a cikin kurmin ƙaya, domin tsawon sanda biyu sau da yawa ba ya fitar da mutum daga cikinta. Amma idan maciji ne ko ƙudan zuma a kusa da ƙwallon, wannan haɗari ne da doka ta 16 ta yarda a kauce masa kyauta.

Ramin da dabba ta tona yana ba da damar ɗagawa kyauta, haka ma ruwan damina da ya kwanta na ɗan lokaci. Sawun kofato shi kaɗai ba rami ba ne, sai a buga ƙwallon yadda take. Kuskuren da ke biyo baya shi ne mutum ya ɗauki ƙwallonsa ya nufi wurin da ya fi masa daɗi. Doka wuri mafi kusa ta ce, wanda matsalar ta daina shafar ƙwallo da tsayuwa da lilon sanda, ko da wurin ya faɗa bayan itace, daga nan a auna tsawon sanda ɗaya. Shi ya sa nake roƙon masu koyo su duba inda wurin zai faɗa tun kafin su taɓa ƙwallon, domin wani lokaci bugawa daga inda take ya fi.

Kashin awaki, tsakuwa da busasshen ganye ana iya kawar da su, amma idan ƙwallon ta motsa a sanadin haka, tarar bugu ɗaya ce kuma a mayar da ita. Yashi ba ya cikin wannan lissafi. Share shi daga bayan ƙwallo a tsakiyar fili gyara wurin bugu ne. Idan akuya ta ture ƙwallon da ta riga ta tsaya, a mayar da ita babu tara, idan kuma iskar hunturu ce ta gangarar da ita, yawanci daga sabon wurin ake bugawa.

Wanda yake zargin ƙwallonsa ta ɓata ko ta fita iyaka ya faɗa wa abokan wasa a fili cewa ta wucin gadi zai buga. Idan ya yi shiru ya ajiye wata ya buga, ita ce ta zama ƙwallon wasa tare da tarar bugu ɗaya, ko da mai ɗaukar jaka ya tsinci ta farko a wuri mai kyau.