Idan Firefox ta ce tana buɗe, kai kuma ba ka ganinta

Duk mai shagon kwamfuta a Kawo ko Tudun Wada ya san wannan tashin hankalin. Kana cike wa ɗalibi fom a intanet, mutane sun yi layi, sai burauza ta daskare ta mutu. Ka sake danna Firefox, ta ce maka wai tana aiki amma ba ta amsawa. Dalili shi ne, duk sanda ta tashi tana riƙe wani ɗan fayil na kulle a foldar furofayil ɗinka, wato inda take ajiye bayananka, don kada burauza biyu su riƙa rubutu wuri guda su ɓata bayanai. Idan ta mutu ba shiri, kullen kan iya zama a nan.

Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawar neman fayil ɗin a goge. Sau da yawa burauzar ba ta mutu ba, tagarta ce kawai ta ɓace, ita tana can ƙarƙashi. A Windows danna Ctrl+Shift+Esc, ka duba Task Manager, wato tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, ka tsayar da duk wata Firefox da ka gani. Sake kunna kwamfutar ma yakan wadatar. A Windows sunan fayil ɗin parent.lock, kuma ganinsa kaɗai ba alamar matsala ba ne. Idan ka zo gogewa ya ƙi, to Firefox ɗin tana raye tana riƙe da shi.

Wasu kuma sai su cire Firefox su sake saukewa, su ƙona data a banza. Furofayil ba ya tare da manhajar, yana %APPDATA%\Mozilla\Firefox\Profiles, don haka sabuwar za ta tarar da kullen yadda aka bar shi.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne share foldar furofayil gaba ɗaya. Matsalar za ta tafi, amma da me? A cikin places.sqlite tarihi da adiresoshin da ka adana suke, kalmomin sirri kuma suna logins.json, mabuɗinsu yana key4.db. Mutum ya shekara uku yana tara waɗannan, a share masa cikin minti guda saboda fayil ɗin da babu komai a cikinsa. Kafin ka taɓa komai, kwafe foldar ka ajiye a filashi, sannan ka goge fayil ɗin kulle shi kaɗai.

Masu Linux suna da nasu. Fayilolin kullen Firefox biyu ne, lock da .parentlock, kuma na biyun ɓoyayye ne saboda ɗigon da ke farkon sunansa, sai ka rubuta umarnin ls -a a Terminal, tagar rubuta umarni, zai fito. Mutum yakan goge ɗaya ya manta ɗaya. Chrome kuwa tana ajiye SingletonLock a ~/.config/google-chrome, wanda ke ɗauke da sunan kwamfutar da lambar da kwamfutar ta ba Chrome ɗin da ke aiki. Shi ya sa idan an ɗauke wuta tana buɗe, sannan aka canza wa kwamfutar suna, sai ta ce wata kwamfuta daban ce ke amfani da furofayil ɗin. Tabbatar babu Chrome da ke aiki, ka goge SingletonLock tare da SingletonSocket da SingletonCookie, za ta ƙirƙiro sababbi da kanta idan ta tashi.