Yadda Ake Cikakken Gwajin Ido da Abin da Ya Kamata Ka Tabbatar An Duba Maka

Yawancin mutane ba sa neman asibitin ido sai rubutun waya ya fara yi musu dishi-dishi, ko ido ya yi ja yana zubar da kwantsa. A nan ake makara, domin cutar da ta fi yi wa ido ɓarna ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, kimanin 4 makafi ne. Yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin masu hawan jinin idon, waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi 6 cikin 100 ba.

Yaushe za ka je?

Mai lafiya da bai kai shekara 40 ba, in ba ya jin wani damuwa, ya je duk bayan shekara biyu zuwa uku. Daga 40 a riƙa zuwa duk shekara ɗaya ko biyu, daga 60 kuma duk shekara. Mai ciwon suga ya je tun ranar da aka tabbatar masa da cutar, sannan duk shekara ko da yana gani tar. Haka wanda uwa, uba, wa ko ƙane ke da hawan jinin ido: kada ya jira 40, ya fara tun yana 30 da 'yan kai. Mai amosanin jini, musamman nau'in SC, a fara duba masa bayan ido tun yana shekara 10.

Ka tafi da tsohon tabaranka, da duk kwalbar maganin da kake ɗigawa a ido, har wadda ka saya a kemis da kanka, da sunayen magungunan da kake sha. Wasunsu suna taɓa ido, kamar etambutol na tarin fuka da kulorokwin idan an daɗe ana sha. Kada ka tuƙo mota ko babur da kanka, za ka ga dalili a gaba.

Allon haruffa

Za a tsayar da kai mita 6 daga allo, a rufe ido ɗaya, ka karanta da ɗayan. Wanda bai yi boko ba akwai allo mai harafin E da ke fuskantar sama, ƙasa, dama ko hagu, sai ya nuna da yatsu. Idan an rubuta maka 6/6, ganinka daidai ne. Idan an rubuta 6/18, ma'anarsa abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 18 kai sai ka matso mita 6. Kada ka matse ido ko ka leƙa ta tsakanin yatsu don ka ci layin ƙasa, kanka za ka cuta, domin da wannan lamba za a kwatanta ganinka na baɗi.

In ba ka kai 6/6 ba, za a ba ka wani abu mai ƙanƙanen huji ka leƙa. Idan haruffan suka washe ta cikin hujin, galibi tabarau kake buƙata. Idan ba su washe ba, matsalar tana cikin idon, kuma canza gilashi ba zai magance ta ba.

Daga nan sai awon tabarau. Na'ura za ta ba da ƙiyasi, sannan a ɗora maka firam ana sauya gilasai ana tambayar wanne ya fi. In biyu sun yi maka daidai, ka ce daidai suke, amsa ce mai amfani. A takardar da za a ba ka, alamar ragi kamar -2.00 na nufin nesa ce ba ka gani, alamar tarawa kuma ta masu wahalar ganin kusa ce. Gurbin CYL da AXIS na wanda gaban idonsa bai zagaye daidai ba, shi ya sa yake ganin fitilun mota da daddare suna ja kamar jela. Gurbin ADD ƙarin ƙarfin karatu ne. Wannan na zuwa wa kowa da shekaru: wajen 40 sai ka ga mutum yana miƙar da hannu kafin ya karanta Alƙur'ani, ko tela ya kasa zura zare a allura. Yakan fara daga kimanin +1.00, ya kai +2.50 wajen shekara 60. Ba tabarau ke ƙara lalata ido ba kamar yadda ake yaɗawa, shekarun ne ke tafiya.

Sashen da ake yawan tsallakewa

Shagunan tabarau da dama a nan suke tsayawa, su karɓi kuɗi, mutum ya tafi yana cewa an gwada masa ido. Rabin aiki aka yi. Saura abu uku, kuma ka tambaya da bakinka in ba a yi ba.

Na farko, a duba gaban ido da madubin nan da ake ɗora haɓa a kai, mai siririn haske. Da shi ake ganin yana, da hakiya, da gashin ido da ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido, wanda amosanin ido ke jawowa.

Na biyu, awon matsin ido. Ana ɗiga maganin kashe zafi a taɓa idon da kan na'ura, ko a hura masa iska. Lafiyayyen matsi yana tsakanin 10 da 21. Sunan hawan jinin ido yana rikita mutane: ba jini ba ne, ruwa ne da ido ke samarwa kullum, hanyar fitarsa ta toshe, ya taru yana danne jijiyar gani. Mutum na iya samun awon jininsa lafiya lau alhali idonsa na cikin haɗari. Cutar daga gefe take fara cin gani, tsakiya na nan garau, ɗayan idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Kafin mutum ya fara karo da ƙofa ko tuntuɓe da buta a tsakar gida, jijiyar ta riga ta yi nisa wajen mutuwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, ko da magani ko da tiyata. Ta fi kama baƙar fata da wuri, ta fi kuma tsanani a cikinmu. Lambar matsi ita kaɗai ba ta isa hujja ba, akwai masu cutar da matsinsu bai wuce 21 ba.

Shi ya sa na uku ya zama dole: duba bayan ido. Za a ɗiga maganin buɗe baƙin ido, ka jira minti 20 zuwa 30, sannan likita ya haska ya ga jijiyar gani da jijiyoyin jini. A nan ake ganin ɓarnar suga da ta hawan jini tun kafin gani ya ragu. Bayan haka za ka yi awa 4 zuwa 6 kana gani buji-buji, rana na kashe maka ido, don haka ka zo da ɗan rakiya da baƙin gilashi. Idan an zargi jijiyar, za a tura ka gwajin faɗin gani, inda kake kallon ɗigo ɗaya kana danna maɓalli duk sa'ad da haske ya ƙyafta a gefe. Manyan asibitoci irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da asibitocin koyarwa na jami'o'i suna yin wannan gwaji.

Idan an rubuta maka maganin ɗigawa

Ka wanke hannu, ka ja fatar ido ta ƙasa, ka saki ɗigo ɗaya ba tare da bakin kwalba ya taɓa ido ba. Ɗigo na biyu asara ne, idon ba shi da wurin ajiye shi. Ka rufe ido ka danne kusurwar da ke jikin hanci minti ɗaya zuwa biyu, don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In iri biyu ne, ka bar minti 5 tsakaninsu. Kwalbar da aka buɗe, yawanci ana zubar da ita bayan mako 4. Maganin hawan jinin ido na har abada ne, ba a dainawa don kwalba ta ƙare ko don ba a ga canji ba, aikinsa tsare ganin da ya rage. Da azumi a tambayi likita a mai da lokutan zuwa sahur da bayan shan ruwa, kada a ajiye shi wata guda. Mai asma ya faɗa kafin a ba shi timolol, yana iya tayar masa da numfashi.

Babban abin da muke gargaɗi a kai shi ne magungunan ɗigawa masu sitiroyid, irin su dezametason da betametason. Yaro mai ƙaiƙayin ido, wanda farin idonsa ya koma ruwan ƙasa lokacin zafi da ƙura, ana ɗiga masa su ya ji daɗi nan take, sai iyaye su yi ta saya watanni. Ƙarshenta matsin ido ya hau, ko yanar ido ta fito masa tun yana ƙarami. Nonon uwa, ruwan suga, fitsari da ruwan ganye kuwa, su ke mai da ƙaramin miki ya zama hakiya.

Yanar ido ba ta da maganin ɗigawa. Aikinta minti 15 zuwa 30 ne, ana kashe zafin idon kawai, a cire ta a sa gilashin roba a gurbinta, kuma ba sai an jira ta rufe ido ruf ba. Masu yawo ƙauyuka suna soka allura su tura yanar cikin ido, mutum ya ɗan ga haske na kwanaki, daga baya kumburi ko hawan matsi ya tafi da idon gaba ɗaya.

Yara da gaggawa

Yaro ba ya cewa ba ya gani, domin bai san yadda wasu ke gani ba. A gwada shi kafin ya shiga firamare. A lura da mai matsawa jikin allo, da mai karkata kai, da wanda ido ɗaya ya kauce. Idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ana iya farfaɗo da shi da tabarau da rufe lafiyayyen na wasu awanni a rana, amma bayan shekara 7 zuwa 8 abin yana wuya ƙwarai. Farin abu a tsakiyar baƙin idon jariri, ko da a hoto aka gani, a kai shi asibiti cikin makon, yana iya zama yana ko sankarar ido. Jaririn da idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya a watan farko, a ranar za a kai shi.

Babba ma kada ya kwana a gida idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko yana ganin walƙiya da baƙaƙen ɗigo da yawa sannan wani duhu kamar labule ya sauko, ko ido ya yi ja da ciwon kai da amai yana ganin bakan gizo kewaye da fitila. Idan siminti, farar ƙasa ko ruwan batir ya shiga ido, a fara kwarara masa ruwa mai tsabta nan take, ido a buɗe, minti 20 cur, sannan a kama hanya. Idan ƙarfe ko tsinke ne ya soki idon, kada a zare, kada a wanke, kada a danna. A kife gindin kofin roba a kai, a manne da filasta, kuma kada a ba shi abinci ko ruwa a hanya, domin mai yiwuwa a shiga da shi tiyata a ranar.