Farfesun naman shanu da kayan lambu: kowane abu da lokacin shigarsa tukunya

Daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya sauka a Sakkwato, kayan fadama sukan cika kasuwa: karas, kabeji, tumatir, ga albasar Goronyo da Gada, ga tafarnuwar Wurno. A lokacin ne wannan farfesu ya fi araha, ya kuma fi daɗin sha da dare. Abin da ke ɓata shi a gidaje da yawa guda ne: zuba komai a tukunya lokaci ɗaya. Nama yana son kusan awa 2 a kan wuta, kabeji kuwa minti 5 ya ishe shi.

Uwargida, fara daga wurin mahauci. Kada ki karɓi zallar tsokar cinya, domin in ta daɗe a wuta bushewa take yi, ta zama kamar zare a baki. Ki ce a ba ki ƙwauri ko ƙirji, kilo 1, a haɗa miki da ƙashi mai ɓargo guda 2, a sara shi. Jijiyar da ke jikin ƙwauri ita ce ke narkewa ta ba romo kauri, har ki ji yana ɗan danƙo a leɓe. Kitse kaɗan ya isa. In ya yi yawa, da romon ya huce zai daskare a baki.

Kilo 1 na ciyar da mutum 6. Ki tanadi albasa manya 2, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, attarugu 3, tumatir 3, tattasai 2, dankalin Turawa matsakaita 4, karas 3, koren wake cikin hannu ɗaya, kwatan kabeji da ɗan lawashi. Kayan ƙamshi kuwa: masoro rabin ƙaramin cokali, kanumfari ƙwaya 4, kimba 1, daddawa ƙulli 1, dunƙule 3 da gishiri. Ki cire 'ya'yan cikin kimbar, su ne masu ɗaci. Kanumfari ma in ya zarce haka, shi kaɗai za a riƙa ji.

Ki wanke naman, musamman saboda ɓarɓashin ƙashi, ki tsane shi sosai. Ki ɗora tukunya da man gyaɗa cokali 2, in ya yi zafi ki soya naman kashi biyu, har gefensa ya yi ja. In kika tula shi duka a lokaci guda, ruwa zai fitar, ya koma dahuwa maimakon suya. Wannan baƙi-baƙin da ke manne a gindin tukunya kada ki wanke shi, rabin ɗanɗanon yana nan. Ki zuba albasa 1 da kika yanka, ki juya minti 3, sannan ki mayar da naman da ƙashin, ki tsaida ruwa lita 2 da rabi.

Da ya fara tafasa kumfa mai toka-toka zai taso. Ki kwashe shi da ludayi kafin ki sa kayan ƙamshi, in ba haka ba tare za ki kwashe su. Daga nan sai dakakkiyar citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, kimba, daddawa da gishiri ƙaramin cokali 1 kawai. Sauran gishirin sai ƙarshe, don ruwan zai ragu, gishirin kuma ba ya raguwa. Ki sassauta wuta, in gawayi ne ki janye wasu garwashin, ki rufe ki bar 'yar kafa. Ana son ya riƙa ɓararraka a hankali na awa 1 da rabi. Wuta mai ƙarfi tana gurɓata romo, ta ƙone ruwa tun nama bai nuna ba. In tsohuwar saniya ce, ki ƙara rabin awa, ki kuma ƙara tafasasshen ruwa in ya ja.

Wasu na jefa kanwa don naman ya yi saurin laushi. Yana yi ɗin, amma romon zai yi duhu, kayan lambun kuma su caɓe. Haƙuri ya fi.

In cokali mai yatsu ya shige naman ba gardama, ki kwashe man da ya taso, ki zuba karas da dankali, an yanka su manya-manya kamar ƙwan zabo a raba biyu. Ki ba su minti 10 kafin ki sa jajjagen tumatir, tattasai, attarugu da ragowar albasa, saboda tsamin tumatir yana hana dankali saurin nuna. Bayan minti 5 sai koren wake da dunƙule. Bayan wasu minti 5 sai kabeji. Ki bar tukunyar a buɗe daga nan, koren zai fi zama shar. Minti 4 ko 5, ki ɗanɗana, ki daidaita gishiri, ki watsa lawashi, ki sauke.

In romon ya yi tsararo, ki tsamo dankali 2, ki murƙushe su da ludayi ki mayar. In gishiri ya zarce, ƙarin ruwan zafi da dafaffen dankali marar gishiri ne maganinsa.

Ana sha da burodi, masa ko farar shinkafa. Ajiya kuwa sai an kula, musamman a Maris da Afrilu da zafin Sakkwato ke haura digiri 40: a irin wannan zafin kada tukunyar ta wuce awa 1 a waje ba ta shiga firij ba, kuma duk wanda za a ɗumama sai ya tafasa sosai. In don gobe kike dafawa, ki ɗebi romo da nama kafin ki sa kayan lambu ki ajiye daban, domin kabejin da ya kwana a romo wari yake yi, dankalin da ya daskare a firiza kuma ruɓushewa yake yi in an narkar da shi.