Kurkum da Gubar Zaiba: Inda Masu Aikin Zinare Ke Kuskure

Matasanmu da yawa daga Maiurno da Gadarif suna tafiya arewacin Sudan neman zinare, wajen Abu Hamad da kasuwar Abidiya, kuma a bakinsu ake jin cewa cokalin kurkum a madara yana tsare maniyyi daga gubar zaiba da dalma. Maganar tana da tushe. An ba ɓeraye dalma ko kadmiyum (wani ƙarfe mai guba) tare da kurkumin, sinadarin da ke cikin kurkum, aka ga ɓarnar ta ragu a marainansu. Amma ɓeraye ne, da awon magani a hannun masana.

Babban kuskuren da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mutum ya sha kurkum da safe, da rana ya cuɗa zaiba da garin dutse da hannu a tasa don ta kama zinaren, ya matse a ƙyalle, ya ɗora dunƙulen kan garwashi cikin rumfar da yake kwana, ya sunkuya yana hurawa. Tururin zaiba ba shi da launi, ba shi da wari, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da ka shaƙa yana shiga jini. Ɗan'uwa, babu kayan miyar da zai tare wannan. Ka ƙona a fili, iska tana ɗauke tururin daga gare ka, nesa da wurin girki. In da hali ka nemi rufaffen gwangwanin ƙonawa mai bututu, wanda ke mayar da zaibar cikin ruwa, har ma ka sake amfani da ita. Kayan aiki kuwa kada su shiga ɗakin iyali.

Wasu da suka ji cewa kurkumin bai wuce kusan kashi 3 cikin ɗari na garin kurkum ba, kuma hanji kaɗan yake tsotsa, sai su koma ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi da aka haɗa da masoro. Irin waɗannan sun taɓa hantar mutane a Italiya da Amurka. Mai tsakuwar matsarmama da mai shan maganin tsinka jini su kiyaye. A bar kurkum a tukunya, daidai miya.

Shi kansa kurkum ɗin yakan zo da guba. A 2019 masu bincike daga Jami'ar Stanford sun nuna yadda ake shafa wa saiwarsa kalar rawaya mai dalma a Bangaladesh don ta yi kyau a ido. Saboda haka saiwar da ta cika sheƙi, tana barin ƙura a yatsa, a bar wa mai ita. Sayi mai duhu-duhu, ka daka a gida.

Sannan ga wanda ya shekara uku babu ƙaruwa, yana ta aika matarsa wajen masu magani, shi bai taɓa ba da maniyyi an duba ba. Wannan zalunci ne. Yaƙi ya wahalar da asibitoci, amma in ka sauka Atbara ko Port Sudan ka tambayi inda ake gwajin: zaiba a fitsari, dalma a jini. Maganin fitar da gubar, irin wanda aka ba yaran Zamfara da gubar dalma ta kama a 2010, likita ne ke bayarwa. Sigari ma a ajiye, don tana ɗauke da kadmiyum. Maniyyi yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya haɗu, don haka sai bayan wata uku da nisantar tururin za ka maimaita gwajin maniyyin.